Sunan da Ta Liƙa Masa

Ranar da ya fara shiga kemis ɗin da take aiki, tangaɗi yake, gumi ya jiƙa masa riga. Ya dafa teburin sayar da magani ya ce a taimake shi da wani abu mai zaƙi. Ita kuwa, da yake bakinta ba ya jiran shawara, ta ce a gaban direbobin da suka shigo sayen magani, "Malam, ba ma sallamar mashaya."

Sai ya zube. Ashe ciwon suga ne, sugarsa ce ta yi ƙasa.

Ta bi shi asibiti ba da haƙuri. Daga haƙuri aka koma gaisuwa, daga gaisuwa kuma sai abin ya fi ƙarfin kowa. Direban babbar mota ne, mai sanyin magana. Yakan turo mata saƙo: "Likitata, na ci abinci, na sha magani. Saura ganinki, shi ne ba a sayarwa a kemis."

Da maganar aure ta je gaban babanta, ya ce sam. "Direbobi? Kowane gari da budurwa."

"Haba Baba, ka san su duka ne? Ai zalunci ne a yi wa mutane kuɗin goro."

Baba ya ajiye rediyonsa ya dube ta. "Gaskiyarki, ban san su duka ba. Amma na aika tasha a bincika min wannan. Can ba mai kiransa da sunansa, Mashayi suke ce masa. Maigidansa ma ya karɓe motar tun watan jiya. Ni jam'i na yi, ban ga wanda ya kwana da yunwa saboda maganata ba. Wanda ya nuna mutum ɗaya da yatsa, shi ya raba shi da abincinsa. An ce daga wani kemis sunan ya fito."

Kunya ta rufe ta, ta rasa inda za ta sa fuskarta.

Ta kira direban a waya tana kuka. "Me ya hana ka gaya min?"

"In gaya miki ki ƙi cin abinci? Bar shi, Likitata, zai wuce."

Ba ta bari ba. Da safe ta tafi tasha, ta tsaya tsakanin motoci da ƙaurin dizal. Ta ce wa maigidan da duk wanda ke wurin, "Ni na fara kiransa da sunan nan. Ƙarya na yi masa. Ciwo ne, kuma yana kula da shi fiye da yadda nake kula da bakina."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Maigidan ya sa likita ya duba direban, sannan ya mayar masa da makulli. Sunan dai bai mutu duka ba, har yau akwai masu faɗa, kuma duk lokacin da ta ji sai ta tsaya ta gyara musu.

Baba ya sauko da kansa. Ranar aure ya riƙe hannun angon ya ce, "Na yi maka kuskure, ɗana. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Sannan ya juyo gare ta. "Ke kuma, in kun haihu, ki bari mijinki ya zaɓi suna."