Numfashin da Aka Goge wa Injin

Tsohuwar kwamfutar da ke sarrafa injin yankan ƙarfenmu kurma ce idan tana aiki. Wuƙa za ta sauka, ta tashi, sai ta ɗan yi jim kamar mai jan numfashi, kuma a wannan jim ɗin kaɗai kwamfutar take jin maɓallin tsayarwa. Rannan sabon injiniya ya ce ɓata lokaci ne, ya goge shi daga cikin umarninta, ya yi tafiyarsa gida.

Ni ke aikin dare. Ina zaune gaban kwamfutar sai na ji ƙaurin ƙonannen mai, da wani sanyi a ƙeyata. Na waiga. Wani dattijo ne tsaye, sanye da irin rigar aikin da aka daina ɗinkawa tun kafin a ɗauke ni.

"Ɗana, tsayar da ita," in ji shi. Muryarsa na yankewa daidai saukar wuƙar.

Na danna maɓallin. Na yi ta dannawa har yatsana ya yi tsami. Ko a jikinta.

Na ce, "Baba, ba ta ji. In kuma na zare wuta, wuƙar faɗowa za ta yi."

"Na sani. Saboda ni aka sa mata numfashin nan. A cikinsa nake zare hannuna kullum."

Sai a lokacin na lura da hannun rigarsa na dama, yana reto, ba komai a ciki. Can ƙarƙashin wuƙar kuwa, wasu yatsu ne ke ƙwanƙwasa ƙarfe a hankali, suna jira.