Hoton Mero

Ranar da takardar ta iso gidan Bappa a unguwar Coal Camp ta Enugu, Mero na tsakar gida tana tankaɗe. Mijinta Lawal tela ne da ya yi aji huɗu, don haka shi ya karanta. Ofishin baƙi ya ba su sati uku: a kawo hoton matar, da dangwalen yatsan wanda ya karɓi auren, in ba haka ba a mayar da ita ƙasarsu.

Mero 'yar Maraɗi ce. Tana shekara tara ta biyo mahaifinta Enugu cikin ayarin shanu, a nan kuma aka binne shi. Lokacin ba mai tambayar takarda. Sai bayan 'yancin kai aka tuna baƙuwa ce.

Bappa, wanda ya riƙe Lawal tun yana maraya, ya kuma karɓa masa auren, ya ce atafau. Surukarsa mai kulle ba za ta je shagon hoto a Ogui ta buɗe fuska wani ƙato na leƙenta ta cikin akwati ba. Maraɗi da Katsina ai duk ɗaya ne, gwamnati za ta manta.

"Bappa, ba za su manta ba."

"Kai yaro, ni na rene ka ko su?"

Lawal ya sunkuyar da kai. Wannan shirun shi ne laifinsa, ya kuma sani.

Sati ukun suka cika, aka ce Mero ta bar ƙasar. Ran tafiya da hantsi, maƙwabciyarsu Susanna 'yar Kagoro, matar Jerome mai hoto, ta shigo sallama da kyamarar mijinta a ƙarƙashin zane. Ta tsayar da Mero jikin bango.

"Daina kuka, 'yar'uwa, hancinki zai fito kamar dankali!"

Dariya ta kuɓuce wa Mero, Susanna ta danna.

A tashar jirgi Mero ba ta yi ƙorafi ba. Ta ce wa Lawal kada ya ƙullaci Bappa, ya kuma riƙa ba lallen da ta shuka a garwa ruwa.

Wata goma sha ɗaya suka shuɗe. Da Lawal ya nuna hoton, akawun ofis ya ce ya yi, saura yatsan Bappa. Lawal bai sake tayar da maganar ba. Kullum ya kai wa Bappa ruwan alwala, ya shayar da lalle, ya zauna gaban keken ɗinki. Ruwan Enugu na dukan kwano, ɗakin ya yi masa faɗi. Duk ƙarshen wata sai ya ɗinka mata riga ya ninke, ba tare da sanin ko har yanzu awonta ke nan ba.

Wata rana Bappa ya shigo a gyara masa aljihu. Ya ga rigunan jere, ya ga hoton jingine da keken. Ya ɗauka, ya daɗe yana kallo.

"Shekara bakwai tana durƙuso mini da abinci," in ji shi a hankali, "ban taɓa sanin tana da wushirya ba."

Ya goge ido da hannun riga. "Ina takardar taku?"

Bayan sati shida Lawal ya tsaya a iyakar Jibiya, takarda mai hatimi a hannu. Mero ta sauko daga mota, ta rame, rigunan duk sai an rage. Abin da ta fara tambaya shi ne lallen. Ya ce ya kai kafaɗarsa.

Biyayya ga manya wajibi ce, amma shirun da zai raba ka da amanarka ba biyayya ba ne. Wanda ya yi kuskure ya yi haƙuri ya gyara, Allah ba ya barinsa shi kaɗai.