Kwikwiyo na Shida

Takardar ɗakin gwajin jini ce ta fasa ƙwan. Cikin 'yan kwikwiyo shida na baƙar karyar Anti, mai gidan kiwon karnuka, biyar jininta ne tsantsa, na shidan kuwa ko dangin nesa ba su haɗa ba. Wani ya ɗauke na ainihin ya ajiye bare. Kafin Sajan ta iso gidan kiwon daga ofishin 'yan sanda, Anti ta gama yanke hukunci: Tsoho ne, mai share keji, tunda makulli a wuyansa yake. A tafi da shi kawai.

Sajan ta shiga bincike. Likitan karnukan ta fara cirewa daga zargi, don wata biyu ke nan ba ya gari. Tsoho ya rantse cewa shekara goma sha tara bai taɓa ɗaukar ko tsinke ba. Na shidan ma ba shi ke kula da shi ba. Kawun Anti ne ke shiga da shi ɗakinsa duk mako, wai ba shi da ƙoshin lafiya.

Sajan ta sake duba takardar. A layin launi an rubuta cewa ƙwayar halittarsa ta farin gashi ce, ba zai taɓa yin baƙi ba. Ga shi kuma a gabanta baƙi wuluk. Ta durƙusa ta buɗa gashin bayansa. Tushen fari fat.

Kawu na kan kujera, gemunsa na sheƙi kamar an goga masa man takalmi.

"Kawu, shekarunka nawa?"

"Mata za ki samo mini, 'yar nan? Sittin da bakwai."

"Ba furfura ko ɗaya."

"Gado ne."

"Shi ma kwikwiyon gadon ya yi?"

A banɗakinsa ta samo kwalin rinin gashi da buroshin haƙori cike da gashin kare. Ta yi wa Anti bayani: rini na rufe sama, tushe kuwa kullum fitowa yake, shi ya sa duk ranar gyaran gemu sai an shiga da kwikwiyon. Kawu ya sunkuyar da kai, ya faɗi gidan da ya kai na ainihin.

Anti ta kasa haɗa ido da Tsoho. Ta ce a fitar mata da baren nan daga gida.

Tsoho ya sunkuya ya rungume shi. "Bar mini shi, ranki ya daɗe. A wurina ba mai hana shi furfura."