Daƙiƙa Shida Babu Rariya

Da ƙarfe biyu da rabi na ranar Asabar aka kunna Rariya, kamar yadda ake yi kafin kowane wasa. Layuka ashirin da biyu suka bayyana a allon Injiniya Ramlatu Sambo, kowane layi na ɗan wasa ɗaya da ke cikin fili. Duka kore ne. Ta sa hannu a takardar gwaji, ta gyara zama.

A shekarar 2091, ƙwallon Amurka ya cika shekara talatin da kafuwa a biranen Arewa. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare, ƙwallon kuma mai siffar gwanda. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci yadi goma, abokan karawarta kuwa aikinsu su kayar da duk wanda ke riƙe da ƙwallon. Abin da ya sa wannan wasa ya ture sauran wasanni shi ne Majiyi, na'urar da Kamfanin Tsinkaye ya ƙera. A cikin hular kwanon kowane ɗan wasa akwai zaruruwa masu karanta saƙon jijiyoyinsa. Ɗan kallo zai manna wani ɗan faifai a ƙeyarsa, ya zaɓi lambar ɗan wasa, sai ya ji gudun a cinyoyinsa, ya ji iska a fuskarsa da nauyin ƙwallo a tafin hannu.

Ciwo ne kaɗai ba ya isa wurin ɗan kallo. Rariya ce ke tace shi. Abin da ya saura a cikinta, ma'aikata suna kiransa tsaki, kuma doka ta ce a goge shi bayan wasa ba tare da an nuna wa kowa ba. 'Yan wasan da kansu suka nemi wannan doka, don kada ƙungiya ta sallami mutum saboda abin da jikinsa ke faɗa a asirce. Don haka a duk filin Tudun Rima, Ramlatu kaɗai ta san wanda ke shan wuya.

Wasan ranar na mako na takwas ne, tsakiyar kaka. Kurayen Tudun Rima sun karɓi Shahunan Sabon Gulbi. Rukuninsu ɗaya, kowannensu ya ci wasa shida ya faɗi ɗaya, wanda ya yi nasara shi zai hau saman rukuni. Garuruwan biyu abokan wasan juna ne tun kakanni. Mutanen Gulbi sun sauka daga jirgin ƙasa da ƙasusuwan shanu suna kaɗa wa Kuraye, mutanen Rima suka amsa musu da kajin roba. Mutum dubu saba'in suka shiga fili. Dubu arba'in da ɗaya daga cikinsu suka zaɓi lamba bakwai, Ƙasimu Barau, mai jefa wa Kuraye ƙwallo, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana jagorantar ƙungiyar.

Saura minti huɗu a tafi hutun rabin lokaci, wani mai tsaron Shahuna ya zo masa ta bayansa. Kan Ƙasimu ya bugi ƙasa ta gefen hagu. Ya tashi, ya kaɗe rigarsa, ya ɗaga wa jama'a hannu. Filin ya kaure da ihu.

A allon Ramlatu, tsakin lamba bakwai ya yi sama. Wannan ba sabon abu ba ne, kowane bugu haka yake yi, sannan ya sauko cikin minti biyu. Na Ƙasimu bai sauko ba. Ya ɗan tsaya, ya ci gaba da hawa a hankali kamar ruwa a randa.

Sau ɗaya ta taɓa ganin irin wannan layi. Shekara biyu da suka wuce ne, a tsakin wani mai gudu da ƙwallo, Lawandi Tsafe. Ta goge shi kamar yadda doka ta ce. Minti arba'in bayan tashi daga wasa aka tsinci Lawandi a banɗakin 'yan wasa, jini ya taru a cikin ƙoƙon kansa. Bai kai asibiti ba.

Ramlatu ta manna faifai a ƙeyarta, ta haɗa shi da tsakin kai tsaye. Daƙiƙa uku ta iya. Wani abu kamar ƙusa mai zafi yana shiga ta bayan idon hagu, rabin ɗakin ya yi duhu, yatsun hannun dama suka mutu. Ta cire faifan, ta yi amai a kwandon shara, ta kurkure baki, ta kira kocin Kuraye, Ilu Magaji.

An tafi hutu, 'yan wasa suna alwalar la'asar. Kocin ya ɗauka da hayaniya a bayansa.

"Koci, ka fitar da Ƙasimu. Jini yake zuba a cikin kansa."

"Injiniya, yaushe kika zama likita ban sani ba?"

"Ina ganin tsakinsa."

"To ni ban ji wannan maganar ba, don in na ji, ni da ke duk kotu za mu. Likita ya duba shi. Ya faɗi sunan uwarsa, ya faɗi ranar mako, ya ƙirga yatsu. Me kuma ya rage?"

"Hoton kai. Minti ashirin ne."

"Minti ashirin! Sha huɗu da sha uku ake, Hajiya. In cire Ƙasimu in sa wa? Yaron da ko jifan mangwaro bai iya ba? Ki riƙe allonki, in riƙe fili na."

Ya kashe wayar. Ta kira Daraktan kamfanin, Dokta Sanda Wali, wanda ke zaune a ɗakin manyan baƙi. Ya saurare ta har ƙarshe, domin shi mutum ne mai ladabi.

"Ramlatu, tsaki ba namu ba ne, na ɗan wasa ne. In shi ya ce a bayyana, sai a bayyana. In bai ce ba, aikinki tacewa."

"Yallaɓai, in ya mutu fa?"

"Allah ya kiyaye. Ki tambaye shi."

Akwai layin gyara da ke shiga hular kowane ɗan wasa. Ta buɗe na lamba bakwai lokacin da suke fitowa zango na uku cikin zanguna huɗu na wasan.

"Ƙasimu, Ramlatu ce."

"A'a, Yaya Ramlatu! Leƙen asiri kike mana?"

"Ba ka gani da idon hagu. Hannunka na jifa ya fara mutuwa."

Tana jin numfashinsa.

"Ashe har wannan kina gani."

"Irin na Lawandi ne. Ka ba ni izini in faɗa wa likita."

"Ki bari a gama. Minti talatin ne kawai. Shekara huɗu rabon da mu doke mutanen nan, kullum sai sun aiko wa tsohuwata ƙashi a leda har gida. In na fita yanzu cewa za su yi kura ta gudu."

"Lawandi ma minti talatin ya ce wa kansa."

"Yaya, don Allah ki sauka daga kaina. Ina jin ki kamar ana buga ƙarfe."

Ya rufe layin.

Zango na uku ya wuce. Ƙasimu ya jefa ƙwallo sau tara, bakwai suka isa hannun 'yan'uwansa, duka ta gefen dama. Masu sharhi suka yaba masa dabara. Shahuna ma sun lura, suka fara turo masu tsaro ta hagunsa. 'Yan kallo dubu arba'in da ɗaya suna jin ƙarfin kafaɗarsa da bugun zuciyarsa, suna rantsuwa cewa bai taɓa yin wasa kamar na yau ba. A allo, layin ya wuce inda na Lawandi ya kai lokacin da aka tashi.

Da aka shiga zango na huɗu, Kuraye suna da ashirin, Shahuna sha bakwai. Ƙwallo yana hannun Kuraye, dama ta uku, saura yadi takwas. Ramlatu ta ga masu tsaro biyu sun jeru ta hagun Ƙasimu, inda ba ya gani.

Doka ta hana ta faɗa wa kowa abin da ke cikin tsaki. Amma dokar ba ta ce komai ba game da injiniyan da ya kashe Rariya, domin babu wanda ya taɓa zaton za a yi. Ramlatu ta cire masu kallo daga gida, ta bar na cikin fili. Ta cire duk wanda rajistarsa ta nuna ciwon zuciya ko juna biyu. Ta sauke ƙarfin saƙon zuwa kashi ɗaya cikin uku. Ta saita daƙiƙa shida. Ta ce bismilla, ta danna.

Ihun filin ya yanke tsaf.

Daga tagar ɗakinta ta ga mutum fiye da dubu talatin sun kai hannu gefen hagu na kansu a lokaci guda. Wasu suka durƙusa, wasu suka zube tsakanin kujeru. Kofunan zoɓo da kajin roba suka riƙa gangarowa daga matakala. Sai wata irin ƙara ta tashi, ba ihu ba, nishi ne na mutane masu yawa.

An riga an miƙa wa Ƙasimu ƙwallo. Masu tsaron biyu sun taso, sai suka ga abin da ke faruwa a kujeru, suka ci birki taku uku daga gare shi. Alƙalin wasa ya busa usur. Ƙasimu ya tsaya da ƙwallo a hannu yana juyawa, yana kallon garinsu gaba ɗaya riƙe da kai daidai inda nasa ke ciwo.

Wata mata daga ɓangaren Gulbi ce ta fara.

"Ku fitar da shi! Mutuwa zai yi!"

Cikin minti ɗaya ɓangarorin biyu suka ɗauka. Ƙasimu ya ajiye ƙwallon a ƙasa, ya zauna kusa da shi. Koci Ilu da kansa ya riga masu gadon ɗaukar marasa lafiya isa wurinsa.

An yi masa aiki kafin magariba. Likitocin suka ce da ya sha wani bugun, ko kuma da an ƙara rabin awa, da sai dai a yi masa wanka. Ya rayu, amma ba zai sake wasa ba. Mutum ɗari biyu da goma sha biyu aka duba a asibitin fili saboda suma da amai. Wani dattijo mai jar hula ya karye a wuyan hannu, kyamara ta nuna shi ana ɗaure masa. An ƙarasa wasan bayan awa ɗaya. Shahuna suka ci, ashirin da huɗu da ashirin.

Ranar Litinin da safe Ramlatu ta hau ofishin Darakta a hawa na sittin, katin aikinta a hannu. Ta ajiye shi a kan tebur.

"Wannan fa?" in ji Dokta Sanda.

"Na san abin da na yi, Yallaɓai."

"Zauna tukuna."

Ya juyo mata da allonsa. Saƙonni ne, suna shigowa da sauri har ba a iya karanta su.

"Dubu ɗari tara daga daren Asabar zuwa yanzu. Na ɗauka zagi ne. Kashi takwas cikin goma tambaya ɗaya suke yi: yaushe za a sake? Na gida ma ƙorafi suke an ware su." Ya cire tabarau ya goge. "Hukumar gasar ta zauna jiya. Za a buɗe sabon layi, babu Rariya. An sa masa suna Ɗanye. 'Yan wasa goma sha tara sun riga sun sa hannu. Da wasan ramuwa na Kuraye da Shahuna za a fara, kuma ke muke so ki shugabanci sashen. Ke kaɗai kika san yadda ake auna shi."

Ramlatu ta dube shi. Ba wasa a fuskarsa.

"Na yi ne don su ce a fitar da shi."

"Sun kuwa faɗa. Allah ya saka miki." Ya mayar da tabarau. "Af, tsakin lamba bakwai na ranar. Ina fata ba ki goge ba tukuna. Ana nemansa sosai."

Ta tashi ta je bakin taga. A ƙasa, layin masu rajista ya fito daga ƙofar kamfanin, ya zagaya tashar jirgin ƙasa, ya ɓace a bayan kasuwa. Allon jikin tagar yana kusanto da duk inda aka taɓa. Ta taɓa farkon layin.

Na huɗu daga gaba shi ne dattijon nan mai jar hula, hannunsa ɗaure da farin bandeji. Ya kai ɗaya hannun gefen hagu na kansa yana nuna wa na bayansa daidai wurin, su kuma sun matso suna saurare. Dariya yake yi.