Akwatin Talho na Hanyar Gazawa

Ana gab da magariba Lawali ya tsai da moto, wato babur, a gindin gawo, tsakanin Agiye da Gazawa. Daga buro, ofishin kamfanin talho, aka aiko shi ya kwance tsohon akwatin da ke raba layin talho zuwa gidaje, tunda kowa ya koma salula.

Yana buɗe murfin, wani sanyi mai warin rijiya ya buso masa. Sai ya ji an ce, "Kai! Rufe."

Wani dogon tsoho ne tsaye a bayansa. Lawali ya yi sallama, tsohon bai amsa ba.

"Baba, aiki aka sa ni."

"Wa ya sa ka? Magana muke yi a kai."

Lawali ya ji haushi. "Wace magana? Ɓarayi sun daɗe da yanke wayar jan ƙarfen nan, gabas da yamma. Matsa mini, Baba."

"Ka taɓa, ka gani."

Don ya rufe masa baki, Lawali ya maƙala talhon gwaji a jikin waya, ya kara a kunne. Sai ga hayaniya kamar ranar kasuwa, maza da mata, cikin harshen da bai taɓa ji ba. Nan take suka yi tsit.

"Ga shi nan, ya ji mu," in ji muryar tsohon, daga cikin talhon. "Ku fito."

Lawali ya waiga a hankali. Tsohon ya sunkuyo dab da fuskarsa. Ƙasan hancinsa fata ce sumul, babu baki.