Randa Mai Cin Ɓawo

A wani gari can da, akwai randa mai cin ɓawon rogo, tana fitar da iska mara nauyi mai kamawa da wuta, wadda ake kunna murhu da ita. Tsohuwa mai randar ta gargaɗi matar ɗanta: "Ki daka, ki tafasa, sannan ki zuba. Ɗanyen ɓawo na ɗauke da ɓarayin iska. Ido ba ya ganinsu, zafi kaɗai ke kashe su."

Kullum sai matar ɗan ta daka, ta tafasa, ta zuba. Ran kasuwa tana sauri, ta zuba ɗanye. Ta ce a ranta, "Wa zai sani?"

Washegari murhu ya ƙi kamawa, yara na kukan yunwa. Tsohuwa ta kara kunne jikin randa.

"Zo ki ji, 'yar nan. Baƙinki ne, ɓarayin iska, ke ci."