Ba Sadiya Za Ta Raka Ni Ba

"Wallahi ba za ni ba! In dai Sadiya ce za ta raka ni, gara in zauna da abina!"

Mijina Saminu ya cire hula ya dafe kai. "Barakatu, ki ji tsoron Allah. Maganar lafiyarki ake yi."

"Lafiyata ce ta sa kake washe mata baki a zaure?"

"Gaisawa fa muka yi..."

"Gaisuwa har da dariya!"

Ga yadda abin ya faro. Ina wanka na ji wani ɗan ƙullutu a mamana na hagu, kamar ƙwayar gyaɗa, ba ya ciwo. Na faɗa wa Iya, mahaifiyata, ita kuwa ba ta tsaya ko'ina ba sai wajen Sadiya. Aikin Sadiya ke nan a Daura: ta nemo mata, ta kama musu layin likita a Katsina, ta shiga mota da su a duba ko sankarar mama ce, ta dawo da su. Kuma ba ta fara magana da mace sai ta ga mijin, don sau da yawa rashin izinin fita ne yake hana mata zuwa.

Kowa yabonta yake yi. Ni kuwa na san abin da na sani: ita Saminu ya fara nema kafin ni, iyayenta suka ba wani. Yanzu kuma in tuɓe a gabanta, ta gan ni a raunane? Ina!

"Masoyiyata," ya ce, "in wani abu ya same ki, ya zan yi da Fadila?"

Na kalli 'yarmu tana barci a kan tabarma. Tsoro nake ji, tsoro sosai, amma kishi ya fi ƙarfina. Na juya masa baya.

Washegari da hantsi sai ga sallama har tsakar gida. Sadiya ce, da farin hijabinta. Ko tabarma ban ba ta ba, ta jawo turmi ta zauna.

"Barakatu, ba roƙonki na zo yi ba."

"To me ya kawo ki gidan mijina?"

"Gaskiya. Na ga mata da yawa da suka ce ba za su je ba. Wasunsu da ni aka yi zaman makokinsu. Kafin shekara an kawo wata mace ɗakin, ita ke yi wa 'ya'yansu kitso." Ta dube ni ido cikin ido. "Ni ina da mijina, ba na bukatar naki. Amma garin nan cike yake da 'yan mata, kuma Saminu bai tsufa ba."

Wata a ɗakina? Wata ta kama kan Fadila?

"Yaushe motar take tashi?" na ce.

A Katsina ita ta san kowace ƙofa. Da aka zo ɗaukar hoton maman na rasa wanda zan riƙe, sai na tsinci hannuna a cikin nata. Ta matse shi.

Da sakamako ya fito muka koma mu uku, ni da ita da Saminu. Likitar ta ce ciwon ne, amma an kama shi da wuri, za a yi aiki a cire, kuma tana sa ran zan warke da yardar Allah.

Saminu, ƙaton namiji, ya fashe da kuka a gaban mutane.

"Barakatuna... na ɗauka zan rasa ki."

Na share masa hawaye da bakin mayafina, nawa na zuba.

"Ka rasa ni, wata ta samu? Babu inda za ni, Saminu. Ɗakin nan nawa ne."